Mutumin Cikin Matacciyar Bas

Litinin, 4 ga Mayu
Akwai mutum a cikin matacciyar bas ɗin bayan garejin kanikawa. Ni da abokina Tsolo muka gan shi da muka shiga ɗauko ƙwallo. Ƙafarsa ɗaure da tsumma. Ruwa kawai ya roƙa.

Laraba, 6 ga Mayu
Na kai masa burodina. "Samari" yake ce mana. Ba wanda ya taɓa kirana haka.

Asabar, 9 ga Mayu
An nuno hotonsa a talabijin, wai ya kashe shugaban leburori a wurin gini. Baba ya ce irinsu ba a tausaya musu. Na ture kwanon abincina gefe.

Lahadi, 10 ga Mayu
Tsolo ya tambaye shi ƙiri-ƙiri. Ya ce, "Faɗa muka yi, na ture shi, ya faɗo daga bene." Na so ya ce sharri aka yi masa. Bai ce ba.

Talata, 12 ga Mayu
Ya gyara mini birkin keke yana kwance. Ashe yana da 'ya, ko tafiya ba ta fara ba.

Juma'a, 15 ga Mayu
Ƙafar ta yi baƙi, wari har waje. Jikinsa zafi rau, yana kirana da sunan wani. Tsolo ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 17 ga Mayu
Na faɗa wa Yaya, tunda nas ce. Magani na roƙa, wallahi magani kawai. Sai ta ɗauki waya, ta kira 'yan sanda.

Litinin, 18 ga Mayu
Sun fito da shi ranga-ranga, jama'a na ihu. Wani ɗan sanda ya tambaye shi wa ke kai masa abinci. Ina tsaye gab da shi. Ya ce, "Ba kowa." Ko kallona bai yi ba.

Alhamis, 21 ga Mayu
An yanke ƙafar. Yana raye, in ji Yaya. Tsolo ya tofar da yawu a gabana, ya wuce.

Asabar, 6 ga Yuni
Autanmu ya tambaye ni ko mutumin mugu ne. Na ce ya je ya yi wasa.
Da yamma Yaya ta dawo daga aiki a gajiye, ta zube a kujera. Na kawo mata ruwa. Ba wai na huce ba ne. Ƙishi na ga tana ji.