Shekarun Baba Sarijo

Blitar, 18 ga Sha'aban, ko 19. Kai ne gwanin lissafi, ka zaɓa.

Zuwa ga Darmaji, hedimasta, ɗan ƙanwata Ngatirah.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da tabarau ɗinka.

Littafin zuriyar Kaka Kromo da ka rubuta ya iso. Takardar mai kyau ce, za ta yi daɗin naɗe soyayyiyar ayaba. Aji uku na yi a makaranta, amma na karanta da kaina. A shafi na bakwai ka ce an haifi mahaifina Paiman a 1901, ka liƙa masa "ƙiyasi". Kakanka Sarijo kuwa, ƙanen mahaifina, ka ba shi 1898, ka rubuta "lissafi". Wato ƙane ya riga wansa zuwa duniya da shekara uku. Ikon Allah!

Kada ka yi mini fuskar salihai, ka san abin da ka ƙulla. A gidanmu ba shekarun mutum ake dubawa ba, girman ubansa ake dubawa. Uwarka ta girme ni da wata takwas, amma tun muna yara Yaya take ce mini, kowace Sallah ita ke durƙusawa ta ɗora goshinta a gwiwata ta nemi gafara. Bana kuna so ni in rarrafa zuwa gabanta, jikoki saba'in suna kallo.

Ka gyara kafin a kai wa masu bugawa.

Ni ce babbar innarka,
Warsinah

*

Malang, 27 ga Sha'aban 1414, daidai da 9 ga Fabrairu 1994

Zuwa ga Inna Ƙarama Warsinah,

Gaisuwa da girmamawa. Na samu takardarki.

Ina so ki fahimci tsarin aikin. Shekarun da ke littafin iri uku ne. Akwai tabbas, wanda aka rubuta ranar da abin ya faru. Akwai lissafi, wanda aka ciro daga wata takarda. Sai ƙiyasi, wanda aka ji a bakin mutane.

Na samu sunan Kaka Sarijo a rajistar ma'aikatan kamfanin sukari ta 1920, an rubuta shekararsa ashirin da biyu. In an cire, saura 1898. Kaka Paiman manomi ne, ba shi da takarda ko ɗaya. Abin da ake faɗa kawai shi ne an haife shi shekarar da dutsen Kelud mai aman wuta ya yi ruwan toka. Da girmamawa, toka ba hujja ba ce.

Littafin yana wurin masu bugawa, kofi ɗari, za a raba ranar Sallah.

Naki mai biyayya,
Darmaji

*

Blitar, azumi na uku

Darmaji,

Ina gaishe ka, don azumi nake.

"Inna Ƙarama"? Ni da na wanke maka ɗuwawu a rafi?

Saurara. Kamfanin nan ba ya ɗaukar yara aikin tuƙa keken shanu. Kakanka yana ɗan shekara sha shida ya shafa baƙin tukunya a leɓensa ya yi gashin baki, ya cusa ciyawa a cikin ɗaurin kansa don ya ƙara tsawo, ya tsaya gaban Bature ya ce shi ashirin da biyu ne. Da rana ta yi zafi gashin bakin ya gangaro masa har haɓa. Shi da kansa yake ba mu labarin, muna dariya har da faɗuwa. Tambayi uwarka, a lokacin tana kusa da ni a tabarma.

Ƙaryar yaro ce ka je ka tono daga kabad, ka sa mata suna lissafi.

Babbar innarka har gobe,
Warsinah

*

Malang, azumi na tara

Warsinah,

Gaisuwa.

Ni ban tuna wani gashin baki ba. Ki daina damun ɗana, mai ilimi ne, gwamnati ta san da shi. Shekara sittin ina goge miki ƙasa da gwiwoyina kina shafa kaina kamar 'yar akuya. Ko sau ɗaya ba ki ce "tashi haka nan" ba. Na sa an ɗinka mini sabuwar riga ta zama a kujerar manya. Ki fara gwada durƙuso tun yanzu, da sauran kwana ashirin.

Ngatirah

*

Blitar, azumi na goma sha biyar

Zuwa ga ƙanwata Ngatirah,

Ina gaishe ki, ina taya ki murnar sabuwar riga.

Na yi tunani, na ga ɗanki ya fi ni gaskiya. Takarda ita ce hujja. Shi ya sa na zauna na koyi lissafin nan nasa, da ƙwayar masara, don yatsuna ba su isa ba.

Buɗe shafi na uku. Darmaji ya rubuta cewa kakanmu Kromo ya tafi aikin kwantiragi a gonakin taba na Deli, can ƙetaren teku, a 1896, bai dawo ba sai 1900. Ya sa wa wannan "tabbas", har da hoton takardar jirgin ruwa. Kakarmu Sainem kuma ya ce tana gida tana tsaron gona.

To, na ajiye masara ɗaya a 1896, na ajiye ɗaya a 1898. Ngatirah, ni haihuwa tara na yi, ban taɓa ɗaukar ciki na shekara biyu ba. Ke fa?

Ni dai na san kakarmu, mace ce mai tsare kanta, ko tari ba ta yi a gaban baƙo. Ba ni na rubuta ba, mai ilimi ne ya rubuta, kofi ɗari. In mahaifinki na 1898 ne, zan durƙusa miki da hannu bibbiyu. Amma kafin nan zan miƙe in karanta wa jikoki shafi na uku da na bakwai a jere, da ƙarfi, kin san muryata. Daga nan su faɗa mana ko kujerar zuriyar Kromo ta 'yar wani mutum ce da ba mu san sunansa ba.

Ki zaɓa: uba ƙarami, ko uban da ba na gidan nan ba.

Ki gaishe mini da hedimasta.

Mai ƙaunarki,
Warsinah

*

Malang, azumi na ashirin da uku

Yaya Warsinah,

Gaisuwa.

Darmaji ya karɓo littafin daga wurin masu bugawa. Yanzu an sa wa Baba "wajajen 1904, ƙiyasi".

Zan durƙusa ranar Sallah. Jikoki za su ga bakina yana motsi a kan gwiwarki, su ɗauka gafara nake nema. Ke dai ki kasa kunne da kyau.

Ƙanwarki,
Ngatirah