Gugan Malam Dango Zai Kwana a Bakin Rijiya

Daga ƙaninka Umaru marini a Tsafe, zuwa ga Yaya Sale a Kumasi. Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, da iyali, da zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau.

Bayan haka, maigidanmu Malam Dango ya rasu. Shi ya ’yanta mu ya ba mu wurin rini a karofinsa, ya kuma hana a kwashe marinansa zuwa dakon yaƙin Jamus. Ka tuna rijiyarsa, da gugan da yake bari a bakinta don kada baƙo ya roƙi kowa?

Ko arba’in ba a yi ba, ɗansa Bala ya ɗauke gugan, wai ruwan na gida ne. Na tufka igiya, na rataya nawa gugan. Ya yanke igiyar, ya ce, “Ka sake, ka bar marina.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, karofi naka ne. Ruwan kuwa Malam ya riga ya ba Allah.”

Igiya ta biyu ma ya yanke ta. Yau igiyata ta uku ke rataye, Fulanin garin ’Yandoto na shayar da shanu.

Ka sa Malam a addu’a, ka gaida innarmu Hajo. In akwai igiya mai taurin yanka a Kumasi, ka aiko mini.

Wassalam.