Na Ƙirƙiri Aljani Don A Bar Ni In Kwanta

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Ku kuma masu saurin yanke hukunci, waɗanda ba ku taɓa birgima a tabarma saboda ciwon mara ba, ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagin. Na san za ku yi, hali zanen dutse ne.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke kan hanyar Falgore, amma a Tudun Wada nake aure, kullum a bayan babur nake zuwa aiki. Tun ina 'yar sakandare nake fama da ciwon mara, kuma ba irin wanda ake gasawa da ruwan zafi ya lafa ba. Idan al'adata ta zo ji nake kamar ana murɗa min hanji da hannu, ƙafata ta dama ta riƙe, in yi ta amai, ko bayan gida sai na yi hawaye. Aka ce in na yi aure zai daina. Na yi aure, bai daina ba. Aka ce sai na haihu, haihuwar kuma shiru har yau. Na sha kanwa, na sha jiƙo, na sha sassaƙen da wata Bafulatana mai kawo mana nono ta samo min a daji, babu abin da ya ragu sai haƙurina. Ku yi tunanin mai wannan ciwon a kan babur, ana faɗawa rami ana fita, sannan ta sauka ta tsaya gaban allo tana yi wa yara ihun biyu sau biyu.

A makarantarmu akwai mataimakiyar hedimasta, bari in kira ta Malama Ladi. Mace ce mai 'ya'ya rututu, tana taƙama da haihuwa kamar ita ta ba kanta. Duk ranar da ta gan ni na kifa kai a tebur sai ta taɓe baki ta ce, "Ke Malama, wai ke kaɗai ce mace a ƙasar nan? Mu ma muna yi, ranar ma mu yi surfe mu ɗora sanwa. Son jiki ne kawai." Wata rana jini ya ɓata min zani ban sani ba, maimakon ta ja ni gefe, sai ta ɗaga murya a gaban malamai maza ta ce, "A shimfiɗa wa gimbiya tabarma, watan hutunta ya kama." Suka kwashe da dariya, gardawan banza, waɗanda mura ma kwantar da su take yi. Shi kuma hedimasta ya ce fashina ya yi yawa, zai kai ƙarata ofishin ilimi.

Da abin ya ishe ni na tafi asibiti a Kano. Wata likita ta duba ni, ta yi min hoton ciki da tambayoyi iri-iri, ta ce alamu sun nuna wani ciwo ne mai dogon suna, endometriosis. Ta ce wani nama ne irin na cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, duk wata shi ma ya kumbura ya yi jini, jinin ya rasa hanyar fita. Ta ce ana rage shi da maganin kashe zafi, ko ƙwaya ko allura masu tsayar da al'ada, in ya ƙi a yi tiyata a cire naman, kuma ko an cire yana iya dawowa. Na yi kuka a gabanta, don ranar ce aka fara ce min ba raki nake yi ba. Na dawo gida da murnata, maigidana ya ce, "Muna neman haihuwa, ki sha maganin hana ta? Ba a gidana ba." Na je wa hedimasta da bayanin, tun ban kai rabi ba ya kawar da kai kamar na yi masa tsirara, ya ce, "To, ai dai ciwon mata ne ko? Sai haƙuri, Malama, koma aji."

A cikin wannan hali ne matar wani malaminmu ta faɗi, aka ce iska ce ta taɓa ta. Zo ku ga tausayi! Aka ba mijin hutu, muka yi ɗango muka je dubiya, har da Malama Ladi da kwanon kununta. Na zauna ina kallonsu ina cewa a raina, ashe haka kuke? Ciwon da likita ta yi wa suna ba shi da daraja a wurinku, sai wanda za ku zauna kuna zare ido kuna ba da labarinsa?

Da watan ya zagayo, ciwon ya turnuƙe ni ina tsakiyar darasi, na yanke jiki na faɗi. Wannan faɗuwar ta gaskiya ce, Allah shaida. Ina kwance na ji wani yana cewa, "Kai, anya ba mutanen ɓoye ba ne?" Anti, a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Na sandare, na fara shure-shure, na kumbura murya. Aka ruga cikin gari aka ɗauko wani mai ruƙiyya, ya turara min hayaƙi, ya kafa baki a kunnena yana karatu, yana daka tsawa, "Wane ne kai? Wa ya turo ka?" Na ɗan buɗe ido, sai ga Malama Ladi a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, bakin nan a taɓe yadda ta saba. Ban shirya ba, ban kwana da shi a raina ba, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ladi ce." Ana karanta min Alƙur'ani a kunne, ni kuwa ina shara ƙarya. Wannan ne abin da ko ni kaɗai na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga ranar na zama 'yar gata. Hedimastan da ya ce in koma aji shi ne yake cewa, "Malama, da kin ji alamar zai taso, ki yi zamanki a gida, za mu riƙe miki ajin." Maigidana da kansa yake kai ni a babur yana kauce wa ramuka. Shi kuma mai ruƙiyya yana yawo a gari yana cewa ya yi ido biyu da aljanin, baƙi ne, wai daga dajin Falgore aka ɗauko shi. Aljanin da ni na ƙera shi a kan simintin aji uku! Wallahi ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina su ba. Shekara da shekaru ina faɗa musu gaskiya suna dariya, rana ɗaya na yi musu ƙarya suka durƙusa.

Ita kuwa Malama Ladi ta ga ta kanta. Ba mai cin abincinta, ba mai zama bencin da ta tashi. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga ajinta, 'yarta mai kawo awara makaranta haka take komawa da ita ba a taɓa ba. Yanzu dattawan gari sun kai magana gaban dagaci, sun ce ba za su bar mai turen aljanu tana koyar da yaransu ba. Ni kuma ciwon ƙaruwa yake yi, maganin kashe zafin ya daina kama ni, likita ta ce lokacin tiyata ya yi. Da wane baki zan nemi hutun tiyata? Wa ya taɓa jin an feɗe aljani da wuƙa?

Jiya da la'asar sai ga ta a gidana. Matar da ko gaisuwa daga tsaye take amsawa, ta zube a ƙofar ɗakina, ta rame har ɗankwali yana yi mata yawa. Ta ce, "Malama, wallahi ban san ƙofar boka ba. Amma bakina ya cuce ki, wannan na sani, ki yafe min. An ce ranar Juma'a in dafa Alƙur'ani a gaban dagaci, in ba haka ba a raba ni da aikina. Zan dafa. Sai dai sun ce za a kawo ki, malam mai ruƙiyya ya sake kiran aljanin, ya maimaita a gabana." Ba zan ɓoye muku ba, da na gan ta a ƙasa sai da na ji wani sanyi a raina, kuma har yanzu ba ƙaunarta nake yi ba. Amma ba ta turo min komai ba, da aikin nan take ciyar da 'ya'yanta.

In na fito na ce ƙarya na yi, na san garin nan, ba za su ce ciwo ne ya kai ni ba. Za su ce ga wadda ta yi wasa da ayar Allah, aikin ya tafi, watakila auren ma ya bi shi. In na sa aljanin ya janye maganarsa, wata ƙaryar ce a kan karatu, kuma in ci gaba da zama mai iska, tiyata ta gagare ni. In kuwa na maimaita sunanta, na kashe ta da ranta.

Juma'a za su shimfiɗa min tabarma a ƙofar gidan dagaci, malam ya kafa baki a kunnena, ita tana tsaye da Alƙur'ani a hannu, gari duka yana jiran ya ji muryar da za ta fito daga bakina. Anti, jama'a, don girman Allah, me zan yi?