Askin Baba Ranar Litinin

Litinin, 3 ga Maris

Shago a rufe, kamar kowace Litinin. Na je na yi wa Baba aski. Kafin in isa Yaya ta zaunar da shi a kujerar roba ta bakin taga, ta ɗaura masa tawul. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai yarda kowa ya kai masa reza wuya ba sai ni. Mutumin da ya shafe shekaru yana cewa aski sana'ar malalata ce, namiji sai tuƙin babbar mota. To ga shi nan.

Wuyansa ba ya riƙe kai in an ɗaga masa haɓa, shi ya sa nake tsayawa ta bayansa, ya jingina ƙeya a cikina, in yi aikin daga sama. Yaya ta leƙo ta ce, "Baba ya samu filo kyauta." Ta yi dariya, shi ma ya karkace baki. Ni ban ga abin dariya ba.

Laraba, 5 ga Maris

Asibiti. Likita ta ce gwajin jini ya fara kyau, in ci gaba da ƙwayar. Ita murna take yi. Ba ita ce ke ɗaure takalmi tana haki ba.

Bara war haka ina ci kamar me amma ina zubewa. Gumi, bugun zuciya, hannu na rawa har kofin shayi sai da hannu biyu. Suka ce tayirod ne, wani abu a maƙogwaro da ke aiki ya wuce kima, yana ƙona jiki. Ƙwayar ta tsayar mini da hannu, wannan ba zan musa ba. Amma ta maido duk abin da ya zube, ta ƙaro da na maƙwabta.

Na tambaye ta allurar rage ƙiba da ake ta magana. Ta ce ba yanzu ba, sai jinin ya zauna daram na wasu watanni, kuma in za a yi, a ƙarƙashin idonta. Ita siririya ce, har agogonta yawo yake a hannu.

Asabar, 8 ga Maris

Na sunkuya ina gyara wa wani gefen kunne, ya ce, "Maigida, tumbinka ya toshe mini ɗaya kunnen, ba na jin sharhin ƙwallon." Shago ya ɗauka. Dogo, da muke haɗa shagon tare, har da ajiye almakashi don ya yi dariyar da kyau.

Duk duniya babu sana'ar da ta kai wannan mugunta ga mai ƙiba. Direba hanya yake kallo, tela zare yake kallo. Ni daga safe har yamma madubi ne a gabana, wani a bayana, ina ganin kaina ta inda ko matata ba ta gani.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai kemis ɗin kwanar layinmu ya zo gyaran gemu. Ban tambaye shi allurar rage ƙibar kai tsaye ba, zagaye na yi. Ya ce akwai, sau ɗaya a mako, a fatar ciki, ko zafi babu. Na ce ina shan maganin tayirod. Ya ce, "Wannan hanyarsa daban, wancan hanyarsa daban." Abin da nake so in ji ke nan, don haka ban ƙara tambaya ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na yi ta farko. Kamar biro take. Na sa ta a firij bayan robar madara. Maman yara ta tambaya, na ce cikin maganin asibiti ne. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Da ta yi gardama da na fi jin daɗi.

Talata, 25 ga Maris

Abinci ya fita raina. Cokali kaɗan, sai in ji kamar na haɗiye dutse. Ƙanshin man gashi ma tayar mini da zuciya yake.

Juma'a, 28 ga Maris

Da safe na sha ƙwayar tayirod, ko kofin ban ajiye ba amai ya taso. Na gan ta a kwamin wanke hannu, fara, ko narkewa ba ta yi ba. Na tsaya ina kallonta. Kwalin yana aljihuna, ɓallo wata ba aiki ba ne.

Na buɗe famfo.

Litinin, 7 ga Afrilu

Askin Baba lafiya. Bel ɗin wandona ya koma ramin baya.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yabo ya fara. "Kai, ka koma saurayi." "Me kake sha ne, a ba mu?" Su ɗin nan ne fa bara da na rame suka riƙa komawa kujerar Dogo, suna tambayarsa a ɓoye wace irin cuta ce, ko reza na ɗaukarta. Ramar bara abin gudu, ta bana abin tafi. Jiki ɗaya, ƙashi ɗaya. Ina murmushi ina cewa tafiyar ƙafa ce kawai, a raina ina jin kamar in kwashe wa mutum rabin gira.

Duk da haka na ji daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ban ce na daina ƙwayar ba. Wata rana amai, wata rana mantuwa. Na dai lura makon da na fi mantuwa shi ne wando ya fi sakewa. Ba jahili ba ne ni, na san abin da hakan ke nufi. A nan kaɗai zan faɗa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Baba ya kai ƙeya baya kamar kullum, kan ya zame gefe. Na gyara, ya sake zamewa. Yaya ta kawo ƙaramin filo ta cusa tsakanina da shi. Ya kai hannunsa mai lafiya ya fizge ya jefar a ƙasa. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita, amma tsakinsa yana nan yadda yake. Dole na tallabe goshinsa da hannun hagu, na ja fata da ɗan yatsa. An gama, amma aikin bai yi kyau ba, na bar gashi ƙarƙashin muƙamuƙi.

Yaya ta raka ni ƙofa ta ce, "Wannan ramar taka ba ta yi mini ba." Da ƙiba ba ta yi mata ba, yanzu rama ba ta yi mata ba. Sai a faɗa mini awon da za a zauna lafiya da shi a gidan nan.

Laraba, 7 ga Mayu

Yau ce ranar komawa gwajin jini. Shago ya cika, ban samu zuwa ba.

Mutum uku ne suka zo duk yinin.

Asabar, 10 ga Mayu

Gumi ya dawo. Fanka na kaina, riga na jiƙe. Zuciya na buga mini har a kunne. Na yi wa Dogo masifa a kan tsintsiya, a gaban mutane, na tono har abin da ya wuce shekaru. Ya ɗauka ya share.

Masu son reza na fara tura masa su. Na ce idona ne ke ɗan damuna. Da injin aski ba a ganewa, shi ma rawa yake, sai rawar ta ɓace a cikin tasa.

Litinin, 12 ga Mayu

Na yanke Baba.

Litinin ɗin dai, da yamma

Ƙarƙashin haɓa ne, ta ɓangaren da ya mutu, bai ma ji ba. Ni na gani. Tun ina shafa kumfa na san hannun ba nawa ba ne yau, amma na ce wa kaina na yi askin nan sau nawa, ko ido rufe zan yi. Yankan ba wani babba ba ne. Sai dai Baba yana shan maganin tsinka jini tun ciwonsa, jinin ya ƙi tsayawa. Tawul ya ɓaci, auduga ta ƙare, ya gangara har wuyan riga. Ina danna wurin, yatsuna na kaɗawa a fatarsa, yana kallona ta ƙasa.

Da ya tsaya, Yaya ta ce, "Miƙo hannunka." Na ce me za ta yi da shi. Ta ce, "Miƙo dai." Na miƙa. Mu duka muka tsaya muna kallonsa yana karkarwa. Ta ce, "Ciwon ya dawo, ko kai ka dawo da shi?" Ta naɗe rezar a tawul ta sa a jakata da kanta, ta ce kada in sake fito da ita a ɗakin nan sai likita ta ce.

Tun ina ɗan koyo rabon da in fitar wa mutum jini. Sai a kan ubana.

Litinin, 19 ga Mayu

Na tura Dogo ya yi wa Baba askin. Ya dawo ya ce Baba ya kifa haɓa a ƙirji ya ƙi ɗagowa, har kumfar ta bushe. Taurin kan nan ko ciwo bai taɓa shi ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Maman yara ta wanke rigar aikina. Da na zauna karyawa na tarar da kwalayen ƙwayar a kan faranti, kusa da burodi, kusan duk a cike. Ta zauna tana kallona. Ta ce, "Ta firij ɗin ma na kai wa ƙanwata ta karanta mini." Sai kuma, "Ni na taɓa ce maka ka yi mini ƙiba?"

Ba ta taɓa ba. Na yi ta nema a kaina ko sau ɗaya, don in samu abin riƙewa, ban samu ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Asibiti, da ita a gefena kamar ɗan makaranta. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ji bugun zuciyata, ta aika a ɗebi jini. Ta ce allura a ajiye yanzu, a koma kan ƙwaya, ga wata kuma ta lafar da zuciya. Maganar ƙiba za a zauna a yi ta daga baya, ba ta rufe ƙofa ba.

Na ce ai allurar ta yi aiki, ta duba ta gani. Ta ce wani ɓangare, eh. Sauran ciwon ne ya ci, kuma ba kitse kaɗai yake ci ba, har da naman hannu da na cinya. Wato yabon da na yi ta karɓa a shago, rabi na cutar ne. Ko wannan ba a bar mini ba.

Litinin, 2 ga Yuni

Na je gaida Baba hannu rabbana. Gemu ya fito masa fari, cunkus, abinci na maƙalewa a ciki, Yaya na bi da tsumma. Mutumin da ko a kan hanya yake kwana sai ya nemi ruwa ya kankare fuska. Ya dube ni, ya dubi inda na saba ajiye jaka, ya juya wajen taga. Na yi ta surutu a kan mota da tsadar taya, bai waiwayo ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Ci ya dawo da ƙarfinsa. Bel ma ya fara komawa inda ya fito. Masu yabo sun yi tsit, ɗaya ne ya ce, "Maigida, an daina tafiyar ƙafar ne?" Na ce an daina.

Alhamis, 26 ga Yuni

Likita ta ce jini na sauka, hannu kuma ni zan fi ta sani. Da muka tashi rufe shago Dogo ya hau kujerata, ya ɗaura wa kansa ƙyalle, ya ɗaga haɓa. Ya ce, "In za ka yanka, yanka wuyana, ya fi tsawo." Na aske shi tas. Ya shafa, ya duba madubi, ya ce ba laifi ga ɗan koyo. Ban ba shi haƙurin maganar tsintsiya ba. Ina jin ya san da shi.

Litinin, 30 ga Yuni

Yaya ta sa na miƙa hannu a bakin ƙofa kafin ta matsa mini in shiga. Sai da na fara rage gemun da almakashi, ya cika tawul. Baba bai dube ni ba, amma bai kifa haɓa ba.

Na zagaya bayansa. Ashe na matse tumbi na ja shi ciki, ban ma sani ba, abin ya zame mini jiki a gaban madubi. Ya kai ƙeya baya, ya ɗago, ya sake kaiwa yana lalube. Bakinsa ya yi ta motsi, na sunkuya in ji.

"Saki."

Na saki tumbin. Kan ya zauna, ya lumshe ido.

Allurar tana nan bayan robar madara, ina jin, ban duba ba. Har yanzu ba na son abin da nake gani a madubi, kada in yi wa kaina ƙarya. Reza dai ta fi tafiya daidai a haka, shi ke nan. Na ɗan daɗe a ƙarƙashin muƙamuƙi, ko da yake babu sauran gashi a wurin.