Albasar Baba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Na fara wasan kasuwa da ɗaliban aji biyar. Kowane rukuni ɗan kasuwa ne mai rumbun albasa a Wamakko, katin ƙarshe ya tambaye su: ku sayar ko ku ajiye sai ta yi tsada? Ban faɗa musu labarin Babana ne ba. A littafin wasan na rubuta "ɗan kasuwa mai taurin kai." Haka nake gaya wa kowa shekara tara, har Inna.

Alhamis, 9 ga Mayu
Rukuni uku sun ajiye, ta ruɓe. Suna ta shewa. Yaran yanzu, asara ma abin dariya ce.

Talata, 14 ga Mayu
Ajin na warin ruɓaɓɓiyar albasa. Na tambayi Malam Nasiru na ajin kusa, ya ce shi warin alli kawai yake ji. Katunan kwali ne, ni na yanka su da almakashi.

Laraba, 15 ga Mayu
Rukunin Shamsiyya, yarinyar da ko gaisuwa sai ka kasa kunne. Da katin ya fito ta jingina da kujera, ta shafa haɓa kamar mai gemu. "Saida ta za mu yi, albasa ba ta da amana." Sai ta dube ni. "Amma kai ad da boko, Aminullahi. Abin da kac ce shi za a yi."
Ba ɗalibin da ke kiran sunana. Kuma kalmomin Baba ne, ranar da na dawo da takardar jami'a na hana shi sayarwa. Albasar ta ruɓe, bai sake taka kasuwa ba har ya rasu.
Bayan darasi na tambaye ta. Ta ce, "Mallam, ni mi nic ce?"
Tsoro nake ji, wallahi.

Asabar, 18 ga Mayu
Ban je gaida Inna ba.

Litinin, 20 ga Mayu
Na gyara layi ɗaya a littafin, gyara ne kawai, ba wani abu ba: "Ɗan kasuwar ya so ya sayar, ɗansa ya hana." Junaid ya ɗaga hannu, wai uban ya yafe wa ɗan? Na ce wasan bai faɗa ba.
Da la'asar na karanta wa Inna layin. Ko kai ba ta ɗaga daga tsintar shinkafa ba.
"Na sani. Shi yac ce kar in taɓa nuna maka."