Daga Hantsi Zuwa La'asar

Assalamu alaikum Yaya Habsu,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ya maigida da yara, ya zaman Ikko? Mu nan alhamdu lillahi, ana ta haƙuri.

Shekaranjiya baƙi suka zo daga Sakkwato, wai suna auna aikin ofisoshin 'yan sanda. Suka duba littafin ofishin da ke kula da mu, suka ga ƙara kaɗan ce, suka ce ashe wajenmu da sauƙi. Mazan gari kuwa kin san su gaban baƙo, kowa "lafiya lau". Yaya, ƙara ta yi kaɗan ne don mun gaji mun daina kaiwa.

Tunda ina takaba, na aika aka kira mini macen da ke cikinsu. Na gaya mata ranar da aka harbi baban su Nana a gona, da hantsi aka buga waya, sai bayan la'asar 'yan sanda suka iso bisa babur ɗin aro, don motarsu ba mai. Ban zagi kowa ba, ɗan sandan da ya ɗauko gawar ma da hawaye ya shigo. Sai da ta rubuta, ta karanta mini, sannan na bari ta tashi.

Kawu ya yi faɗa, wai ina ja mana idon mutanen daji. Na ji tsoro, amma in na fita takaba za ni Sabon Birni in maimaita gaban manyansu.

Ki gaida kowa. Ki roƙa wa marigayi gafara, ni kuma ki roƙa mini kada bakina ya mutu ranar.

Ƙanwarki,
Asabe