Darbejiyar Gwamnati a Gonar Aro

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan shafi na manoma, Allah ya ba mu damina mai albarka. Don Allah ku taimake ni da shawara, kuma a sakaya sunana. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna na rubuta wannan, domin in na kai wa mai rubuta wasiƙa a kasuwar Maigatari, labarin zai riga ni isowa gida.

Ni mutumin wani ƙauye ne arewa da Ɗanzomo. Ina da aboki Bafulatani, bari in kira shi Sambo, tun muna yara muke tare, shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa ɗan Fillo. A shekarar farin nan da ya ƙarar da shanu, ya kora ɗan abin da ya rage masa ya yi kudu. Kafin ya tafi ya ja ni gaban mai gari ya ba ni aron gonarsa, ya ce, "Kaɗo, ka noma ka ci, ka riƙa auna wa Inna. In na dawo na tarar da ƙarangiya a ciki, sai na sayar da kai na sayi akuya." Aka yi dariya, ya tafi. Har yau ba shi ba labarinsa, wani direban lori ya ce ya ga mai kama da shi, amma bai tsaya ba.

Bayan tafiyarsa mai ɗakina ta rasu, 'yata tana aure a Gagarawa, ɗana yana dako a Kano, sai da salla nake ganinsa. Ni nake dafawa, ni nake ci. Gidan da nake shiga in zauna in yi hira ɗaya ne, wajen Inna, mahaifiyar Sambo, in kai mata gero, ta dama mini fura, mu yi ta maganarsa kamar jiya ya fita.

To a wajenmu, mai aro yana shuka abin da zai girbe a shekara, amma ba ya dasa itace. Wanda ya dasa itace a gona, ya faɗa wa gari cewa ƙasar tasa ce, ko bai buɗe baki ba. Gonar nan kuwa ita ce ta ƙarshe ta arewa, rairayi yana cin ta a hankali, har ya binne gambar da ke kan iyaka. Bara iskar farkon damina ta yi ta rufe mini shuka ina sakewa har irin ya kusa ƙarewa.

Sai ga malamin gona da lori cike da dashen darbejiya a cikin ledoji, ya ce gwamnati za ta ja layin itatuwa don tare rairayi, kuma layin ta gonar ya bi. Wanda ya dasa ya kula, gona tana hannunsa, har da takin zamani. Wanda ya ƙi, a zagaye wurin da waya ya koma gandun daji. Na ce masa ai ba tawa ba ce, aro ce, sai ya ce sabuwar dokar soja ta mai da ƙasa duka hannun gwamna, ofis kuwa wanda yake noman gona kawai ya sani. "Baba, ni kai na gani a ciki da fartanya," in ji shi. Na je wajen mai gari, ya ce shi ba zai ja da hukuma ba, ba kuma zai tsaya a dasa itace a gonar da aka ba da aro a gabansa ba. Na rasa yadda zan yi, na karɓi dashen na jera a bayan rumbuna.

Tun ranar, in na iso dandali sai hira ta mutu. Wani har gaishe ni yake da "barka da zuwa mai gandun daji." Ɗan baffan Sambo ya tare ni a bakin rijiya ya yi ta faɗa, wai in gwamnati ta ƙwace ƙaddara ce, in ni na dasa cin amana ne. Na ja gugana na tafi.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne Inna. Ba ta taɓa tako gidana ba sai makon jiya, ta zo da sandarta da ƙwaryar fura, ta tsaya tana kallon dashen. Na ce, "Inna, da sunan Sambo zan dasa, a gaban shaidu." Ta ce, "Ɗana, bayan ni da kai da shaidun mun kwanta dama, wa za a ce ya dasa?" Ta ƙara da cewa, "Ashe kai ma ka fitar da rai da shi." Ta ajiye ƙwaryar, na ɗauko takalmi zan raka ta, ta ce in bari ta san hanya.

Wallahi ban fitar da rai ba. Duk garken da ya ɓullo daga kudu sai na jingine fartanya na tsaya kallo har ya wuce.

Yanzu hadari ya fara haɗuwa a gabas, malamin gona ya ce da ruwan farko zai dawo. Dashen nan kullum ina ba su ruwa daga tulun da nake sha, don ba zan iya kallon su suna bushewa ba, har saiwarsu ta fasa leda ta fara kama ƙasar tsakar gidana. Ba ni da wanda zan tambaya a garin nan sai ku. Jama'a ku faɗa mini gaskiya, in dasa ko in mayar? In Allah ya dawo da Sambo, wanne zai fi iya yafe mini, ya tarar da itacena a gonarsa, ko ya tarar da waya?